Daga Bakin Mai Amsa Zuwa Shafin Mujalla: Yadda Ake Shirya Nazarin Naƙasa da Lafiya Don Bugawa

1.0 Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗaliban harshe mun ɗauka binciken lafiya aikin likitoci ne da malaman jinya, mu namu nahawu ne da adabi da al'ada. Amma duk wanda ya duba yadda ake gudanar da irin wannan bincike a ƙasar nan zai ga cewa kafin a kai ga lissafi da jadawali, sai an yi magana da mutane. Wani ne zai fassara takardar tambayoyi, wani zai yi hira da makaho ko kurma ko uwar yaro mai sikila, wani kuma zai juya abin da aka naɗa a rikoda zuwa rubutu. Sau tari wannan "wani" ɗalibin Hausa ne. Manufar wannan maƙala ita ce in bi matakan da nazari kan naƙasa da lafiya yake bi tun daga tsara tambaya har zuwa tura shi ga mujallar ilimi. Zan ɗauki Kafanchan da kewayenta a matsayin fagen misali. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, ingancin irin wannan maƙala ya rataya ne a kan harshen da aka yi tambaya da shi, don haka wajibi ne a bayyana aikin harshen dalla-dalla a cikin maƙalar kanta.

2.0 Me Ya Sa Sai An Buga?

Kundin digiri da ya ƙare a kan kanta a ɗakin karatu na sashe, mutum nawa ne za su buɗe shi? Maƙalar da ta fito a mujalla kuwa, masana sun tace ta kafin ta fito, kuma wani a wata ƙasa zai iya ɗora aiki a kanta. Jihar Kaduna tana da kyakkyawan misali. Akwai makantar da ake kamuwa da ita a ƙauyukan bakin kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda yake yaɗa tsutsarta idan ya ciji mutum. A shekarar 1987 kamfanin Merck ya fara ba da maganin Mectizan kyauta don yaƙi da cutar. Tambayar da ta rage ita ce, shin maganin yana kare ido? Farfesa Adenike Abiose ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da abokan aikinta suka yi gwaji a ƙauyuka 34 na jihar. Ta hanyar ƙuri'a aka raba mutane gida biyu: wasu suna karɓar maganin sau ɗaya a shekara, wasu suna karɓar ƙwaya mai kama da shi wadda ba ta da magani a ciki, har tsawon shekara 3. Sakamakon ya fito a mujallar The Lancet a 1993, inda ya nuna cewa maganin yana rage lalacewar jijiyar gani ga waɗanda tsutsar ta yi wa yawa a jiki. A 2012 kuma wani rahoton ya fito a mujallar Parasites & Vectors game da yankunan Birnin Gwari da Kauru da Lere: bayan shekara 15 zuwa 17 ana raba maganin, an gwada fatar mutum 3,703 a ƙauyuka 27, ba a sami tsutsar a jikin ko mutum ɗaya ba.

A lura da yadda na iya kawo adadin ƙauyuka da shekaru da yadda aka raba mutane. Na iya ne saboda marubutan sun rubuta abin da suka yi filla-filla, yadda wani zai iya bin sawunsu ya tabbatar ko ya ƙaryata. Wannan shi ne ma'aunin maƙalar ilimi, kuma da shi za a auna aikin fassararmu.

3.0 Tambaya Ita Ke Haifar da Adadi

Naƙasassu nawa ne a Nijeriya? Ƙidayar 2006 ta ba da kimanin mutum miliyan 3.2, wato kashi 2.3 cikin ɗari. Binciken lafiya da yanayin al'umma na ƙasa na 2018 ya sami kashi 7 cikin ɗari na 'yan shekara 5 zuwa sama suna da wata 'yar matsala a gani ko ji ko tafiya da makamantansu, kashi 1 kuma matsalarsu mai tsanani ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kashi 15 na mutanen duniya a rahotonta na 2011, sannan kashi 16 a na 2022. Babban abin da ya raba waɗannan alƙaluma shi ne yadda aka yi tambaya da inda aka ja layi.

Idan ka shiga gida ka ce, "Akwai naƙasasshe a gidan nan?" mai gida zai tuna gurgu da makaho da kuturu, wataƙila ma da mai bara a tasha, ya ce maka babu. Ba zai sa tsohuwarsa da ba ta iya zuwa rijiya saboda ciwon gwiwa ba, ba zai sa 'yarsa mai farfaɗiya ba don gudun kada a ƙi aurenta. Saboda irin wannan ne wani rukunin masana ƙididdiga da aka kafa a 2001 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira Rukunin Washington, ya tsara gajerun tambayoyi guda 6 da ba su ambaci kalmar naƙasa ba ko sau ɗaya. Suna tambaya ne kan gani, da ji, da tafiya ko hawa matakala, da tuna abu ko tara hankali, da kula da kai kamar wanka da sa tufafi, da kuma fahimtar juna a magana. Kowace tambaya tana da amsa hawa huɗu, daga babu matsala zuwa ba na iyawa sam.

Ga inda aikinmu yake. Da wace kalma za a yi tambayar? Idan aka ce, "Kina shan wahala wajen gani?" kalmar wahala tana iya jan hankalin mai amsa zuwa talauci da ƙuncin rayuwa. Idan aka ce "matsala", wani zai ɗauka sai abin da ya kai shi asibiti. A ganina "Gani yana yi miki wuya?" ya fi kusa, sai amsoshin su zama: babu wuya, da 'yar wuya, da wuya sosai, ba na iyawa sam. Haka nan "hawa matakala" ba shi da ma'ana sosai ga wanda babu bene a ƙauyensu, amma mutumin gindin dutsen Kagoro ya san hawa tudu. Sai tambayar da ta fi kowace yaudara: "Yaya lafiyarka?" Wannan gaisuwa ce, kuma amsarta "lafiya lau" ko da mutum yana kwance a gadon asibiti. Ba na cewa zaɓina shi ne daidai. Abin da nake cewa shi ne kowane zaɓi yana sauya adadin da zai fito, don haka sai an gwada, sai kuma an rubuta abin da aka zaɓa da dalilinsa.

4.0 Wace Hausa?

Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jama'a, ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar jirgin ƙasa tun wajajen 1927, ta tara mutane daga ko'ina. Hausa ce harshen kasuwa da tasha da asibiti, amma ga dubban mutane ita ce harshe na biyu ko na uku. A gida ana jin Fantswam da Jju na Bajju da Tyap na Atyap da Gworok na Kagoro da Hyam na Jaba da Nikyob na Kaninkon da Fulatanci, ga kuma Ingilishi da Burokan. Takardar tambayoyin da aka fassara da Hausar Kano ko ta Sakkwato, cike da kalmomin aji irin su "lalura" da "nazari" da "gurbi", tana iya wuce kan tsohuwa a Zonkwa ko Kwoi, ta amsa da "i" don kawai kada ta ba baƙo kunya.

Matakan da masu tacewa suke sa ran gani su ne kamar haka. Na farko, mutum biyu su fassara takardar daga Ingilishi zuwa Hausa, kowa shi kaɗai, sannan su zauna su daidaita. Na biyu, wani na uku wanda bai taɓa ganin ta Ingilishin ba ya mayar da Hausar zuwa Ingilishi, a kwatanta a ga inda ma'ana ta zame. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, a gwada takardar a kan mutane kaɗan irin waɗanda za a yi binciken a kansu, ana tambayar kowa, "Me kika fahimta da wannan tambaya? Faɗa mini da kalmominki." Na huɗu, a horar da masu hira su riƙa karanta tambaya iri ɗaya, kada kowa ya yi tasa fassarar a ƙofar gida. Idan mai amsa ya fi sakewa da Jju ko Tyap, a nemi tafinta, a kuma rubuta hira nawa aka yi da wane harshe.

Akwai kuma kurame. Maganar hannu da kurame suke yi a ƙasar Hausa, wadda Constanze Schmaling ta yi littafi a kanta a 2000 bayan bincike a Kano, daban take da wadda ake koyarwa a makarantun kurame, mai tushe daga Amurka. Kurman da bai shiga makaranta ba yana iya kasa fahimtar tafintan da aka ɗauko daga makaranta. Maƙalar da ta ce kawai "an yi amfani da tafinta" ba ta gama bayani ba.

Wajen juya hira zuwa rubutu, ina jan hankalin 'yan uwana da kada mu gyara wa mutane Hausarsu. Mai amsa a yankin yana iya cewa "ya" a inda Daidaitacciyar Hausa take son "ta", ko ya furta ƙ kamar k. A rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Gyaran nahawu a nan ɓata hujja ne.

5.0 Izini da Yarda

Mujallar lafiya ta ƙwarai ba ta karɓar binciken da aka yi kan mutane sai da lambar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, kuma ana neman wannan amincewa ne kafin a yi hira ta farko. Akwai irin waɗannan kwamitoci a asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Barau Dikko da ke Kaduna, da kuma Ma'aikatar Lafiya ta jiha. Duk suna aiki ne da ƙa'idojin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya na 2007, waɗanda suka yi daidai da Yarjejeniyar Helsinki ta 1964. Arewa ta san dalilin wannan tsauri. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75.

Takardar neman yarda ita ma aikin harshe ce. Dole ta faɗi da Hausa mai sauƙi wane ne yake binciken, me za a yi, me za a yi da amsoshi, da cewa mutum yana da damar ƙi ko janyewa ba tare da an hana shi magani ba. A karanta wa makaho a gaban shaidar da shi ya zaɓa. A yi wa kurma bayani da hannu. Wanda ba ya rubutu ya dangwala. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a tsallake mai naƙasa a tambayi ɗan jagoransa ko mijinta, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sallama ga hakimi ko mai unguwa ladabi ne da ya kamata, amma izininsa ba ya maye gurbin yardar mutumin da za a tambaya. A kuma kula da kunya: saurayi ba zai sami amsar gaskiya ba idan ya tambayi sa'ar uwarsa kan wanka da sa tufafi, sai a tura mace.

Batun sirri ya fi tsanani a ƙaramin wuri. Idan ka rubuta "wata makauniya malamar firamare a ƙauye kaza", ka ambaci sunanta ke nan ko da ba ka rubuta shi ba, domin ita kaɗai ce. A sauya abin da zai tona ta, a bar abin da hujja take buƙata.

6.0 Tsarin Maƙalar

Mu ƙaddara wata ɗaliba ta yi hira da mata kurame kan yadda suke zuwa awon ciki a Kafanchan da Kagoro. Kundinta yana iya kai shafi 100, amma mujalla kalmomi dubu kaɗan take so. Sai ta ɗauki tambaya ɗaya tak, ta bi tsarin da mujallun lafiya suka saba da shi.

Take ya faɗi abin da aka nazarta da wurin da aka yi. Tsakure, wanda yawanci ba ya wuce kalmomi 250 zuwa 300, shi ake rubutawa a ƙarshe amma shi edita yake fara karantawa. Gabatarwa ta faɗi abin da aka sani da giɓin da ya rage. A nan za ta iya kawo dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙinsu wadda Nijeriya ta tabbatar a 2010, ta tambaya ko abin da ke takarda ya isa ɗakin awo. Sashen dabarun bincike ya faɗi su wa aka tambaya, yadda aka zaɓe su, da wane harshe, wa ya fassara, yadda aka gwada fassarar. Sashen sakamako ya kawo abin da aka samu kurum, ba tare da ra'ayi ba. Idan an kawo maganar mai amsa, a sa ta da harshen da ya yi ta tare da fassara, in mujalla ta yarda, ko a ajiye ta a rataye. Sashen tattaunawa ya kwatanta da ayyukan da suka gabata, ya kuma faɗi iyakar binciken: hira da mata goma sha biyar a gari biyu ba ta ba ka damar yin hukunci kan duk Kudancin Kaduna.

Akwai jerin sharuɗɗa da mujallu suke so a cike. Ga binciken hira akwai COREQ mai abubuwa 32, ga binciken ƙidaya akwai STROBE mai 22, dukansu na 2007. Shawarata a karanta su tun kafin a fita fage, domin suna tambayar abubuwan da ba a iya komawa a gyara, kamar jinsin mai hira da ko akwai wani a ɗakin lokacin da ake magana.

Sai batun sunaye. Ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ta ce marubuci shi ne wanda ya cika sharaɗi huɗu: ya ba da gudummawa mai tsoka wajen tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutu ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, kuma ya yarda ya ɗauki alhakin aikin. Ɗalibin Hausa da ya tsara fassara, ya yi hirarraki, ya nazarci kalmomi, ya cancanci a ba shi damar cika sauran sharuɗɗan a sa sunansa. A yi wannan magana da ladabi tun ranar farko: "Malam, ina son in san matsayina a wannan aiki." Haka nan idan wani daga ƙungiyar naƙasassu ya yi aikin da ya kai, sunansa ya hau. Wanda ya yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira wajen rubutu, ƙa'idar tun 2023 ta ce ya bayyana hakan, kuma manhaja ba ta zama marubuciya.

7.0 Zaɓen Mujalla da Turawa

A zaɓi mujalla gwargwadon tambayar da aka amsa. Idan nauyin aikin yana kan rayuwar naƙasassu da samun kulawa, akwai African Journal of Disability da ake bugawa a Afirka ta Kudu tun 2012, da Disability & Society, da Disability and Health Journal. Idan na asibiti ne, akwai Annals of African Medicine da Nigerian Medical Journal. Idan kuwa a kan kalmomin naƙasa ne da yadda ake fassara su, gidanmu ne: Harsunan Nijeriya da Algaita a Kano, Harshe a Zariya, Ɗunɗaye a Sakkwato. A karanta maƙala uku ko huɗu da mujallar ta buga kwanan nan, a bi umurninta ga marubuta harafi da harafi, tun daga yawan kalmomi har tsarin manazarta.

A yi hattara da mujallun 'yan damfara, masu turo saƙon imel suna alkawarin bugawa cikin mako guda idan an biya kuɗi. Tacewar gaskiya takan ɗauki makonni ko watanni. A duba ko sunan mujalla yana cikin rumbunan da aka sani, kamar AJOL ko DOAJ, a kuma tambayi malamai. Mujallu na ƙwarai ma wasu suna karɓar kuɗin bugawa, amma da dama suna da tsarin rangwame ko yafewa, sai a nema tun kafin a tura.

Abubuwan da za a haɗa su ne maƙalar, da gajeriyar wasiƙa ga edita, da lambar amincewar kwamitin ɗa'a, da bayanin wanda ya ba da kuɗin aikin, da lambar ORCID wadda ake buɗewa kyauta a intanet. Ni zan ƙara da takardar tambayoyin ta Hausa a matsayin rataye, don mai zuwa bayanmu kada ya soma daga farko. Ba a tura maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Ba a kuma kwafe jimlolin wani ba tare da ambatonsa ba, ko da fassara su aka yi daga wani harshe.

8.0 Idan Amsa Ta Dawo

Amsa takan zo ɗaya daga cikin huɗu: an karɓa, a yi ƙaramin gyara, a yi babban gyara, ko an ƙi. Ta farko ba kasafai take zuwa a karon farko ba, ko ga manyan farfesoshi. Idan gyara aka nema, a jera kowace magana ta masu tacewa, a rubuta amsa a ƙarƙashinta, a nuna shafi da layin da aka sauya. Inda ba a yarda ba, a kawo hujja cikin ladabi. Mai tacewa a Ingila ko Afirka ta Kudu yana iya tambaya me ya sa aka sauya matakala zuwa tudu, ko me ya sa ba a yi duk hirarrakin da harshe ɗaya ba. Wanda ya ajiye bayanin gwajin fassararsa zai amsa da sakin layi guda. Idan kuwa an ƙi maƙalar, a ɗauki gyare-gyaren da aka samu a banza, a inganta ta, a tura wa mujalla ta gaba.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala na yi ƙoƙarin nuna cewa adadin da yake fitowa a binciken naƙasa da lafiya yana bin kalmar da aka yi tambaya da ita, kuma a wuri mai harsuna da yawa irin Kafanchan wannan kalma tana buƙatar gwaji da rubutaccen bayani. Na kuma bi matakan izini da tsari da zaɓen mujalla da amsa wa masu tacewa. Saura mataki ɗaya da babu mujallar da za ta tilasta maka: idan maƙala ta fito da Ingilishi, waɗanda suka ba ka lokacinsu yawancinsu ba za su karanta ta ba. A taƙaita sakamakon a shafi guda da Hausa mai sauƙi, a naɗa shi a murya don makafi, a koma a yi wa kurame bayani da hannu, a kai kwafi ga ƙungiyarsu da asibitin da abin ya shafa. Ga 'yan aji uku da suke neman batun kundi, ina ba da shawarar wani ya ɗauki waɗannan tambayoyi 6, ya fassara su, ya gwada su a Kafanchan da Zariya, ya kwatanta yadda aka fahimce su a wuraren biyu. Aiki ne da ɗalibi ɗaya zai iya yi da rikoda da littafin rubutu, kuma ma'aikatan lafiya suna buƙatarsa.